Yadda ake yi wa littafin Hausa sharhi, tun daga karatu har zuwa fostin

Duk wanda yake cikin guruf ɗin marubuta a WhatsApp ko Facebook ya san yadda abin yake, marubuciya ta yi wata da watanni tana taipin a waya, ga matsalar caji ga kuɗin data, ta gama littafi ta sake shi, sai ka ga abin da ya biyo baya bai wuce "masha Allah anti, Allah ya ƙara basira" ba, ko kuma wani ya faɗo daga sama ya ce "wannan ai shirme ne, ɓata tarbiyya kawai". Addu'a abu ne mai kyau, ni ma ina so a yi min, amma ba ita ce sharhi ba, zagin ma ba sharhi ba ne. Ni ina rubutu kuma ina yi wa littattafan wasu sharhi, kuma wallahi abin da na fi buƙata daga mai karanta littafina shi ne ya ce min, a shafi kaza ka yi kaza, ga dalilin da ya sa ya yi daɗi ko ga dalilin da ya sa bai zauna ba. Toh ga yadda nake bi in zan yi wa littafi sharhi, daki-daki, ko wani zai ɗauki abin da zai amfane shi.

Matakin farko, ka samu littafin ta hanyar da ta dace. In bugagge ne ka saya, in na onlayin ne da ake biyan kuɗi a shiga guruf ko a karanta a manhaja, ka biya. Kar ka karɓi wanda aka sato aka mayar dokumen ana yawo da shi sannan ka zo kana yi wa mai shi gyara, babu adalci a ciki, ballantana ma irin waɗannan sau da yawa za ka samu an yanke wani feji ko an haɗa biyu wuri guda, sai ka ɗora wa marubuci laifin ɓarawo. In kuma marubucin ne ya ba ka kyauta, ko abokinka ne, ko ƙungiyarku ɗaya, ka riƙe wannan a ranka domin dole ka faɗa wa masu karanta sharhinka tun a farko.

Na biyu, karatun farko ka yi shi a matsayin mai karatu kawai. Ajiye biro. Ka bar labarin ya ja ka in zai iya, in bai iya ba wannan ma bayani ne. Abu ɗaya nake so ka lura da shi a wannan zagayen, wato wurin da ka ji ba ka son ajiye littafin da kuma wurin da ka fara tsallake layi kana duba saura shafi nawa. Kuma ka kai ƙarshe fa. Mutum ya karanta babi uku ya hau sharhi a kan littafi mai babi arba'in, wannan zalunci ne. In labarin irin wanda ake saki kullum feji-feji ne kuma bai ƙare ba, ko dai ka jira ya ƙare ko ka faɗa ƙarara cewa a feji na kaza ka tsaya.

Mataki na uku shi ne ainihin aikin, kuma a nan mafi yawanmu muke gudu, wato karatu na biyu da takarda a gefe. Ka samu ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ka ware shafi ɗaya don mutanen cikin labarin, duk wanda ya fito ka rubuta sunansa, shekarunsa in an faɗa, dangantakarsa da sauran, da shafin da ya fara fitowa. Ka ware wani shafin don lokaci, yaushe labarin ya fara, wata nawa ya wuce kafin biki, shekara nawa aka tsallake. Shafi na uku kuma na jimlolin da suka burge ka ne da waɗanda suka yi maka nauyi a baki, ka kwafe su yadda suke da lambar shafi, in a waya kake karantawa ka ɗauki hoton wurin ka tara a folda guda. Za ka sha mamakin abin da wannan 'yar takarda za ta tono. Yarinyar da aka ce tana aji uku a ƙaramar sakandare a babi na biyu, an ce bayan shekara uku, sai ga ta likita tana duba marasa lafiya, alhali karatun likita kaɗai shekara 6 ne a jami'o'inmu, bayan shi ga shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti ga bautar ƙasa. Ko ƙanin miji da aka shigo da shi da ƙarfi a farko har ya yi rantsuwa sai ya ga bayan amarya, daga babi na goma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A karatun farko ba lallai ka kama waɗannan ba saboda labari yana jan ka, amma ka ji a jikinka akwai abin da bai daidaita ba, takardar ce za ta nuna maka mene ne.

Haka nan takardar za ta nuna maka gwanintar da ta ɓuya. Sai ka ga ashe zoben da aka ambata a wuce a shafi na tara shi ne ya warware rikicin ƙarshe, marubuciyar tun can ta dasa shi. Irin wannan in ka gano ka faɗa, don ka san ta sha wahala kafin ta tsara shi kuma da wuya wani ya lura.

Na huɗu, ka rufe littafin ka rubuta jigonsa a jimla ɗaya. Ba taƙaita labari nake nufi ba. "Hajara ta auri Alhaji, kishiyoyi suka matsa mata, ta fita" wannan labari ne. Jigo shi ne abin da littafin yake faɗa da wannan labarin, misali yadda talaucin iyaye yake sa a rufe ido a kan halin mai neman aure. In ka yi ta ƙoƙari jimlar ta ƙi fitowa, ko dai ba ka fahimci littafin ba ka koma, ko kuma shi marubucin ne ya ɗebo jigo huɗu biyar, auren dole da shaye-shaye da aljanu da siyasa, bai riƙe ko ɗaya da kyau ba. Malaman adabi suna raba babban jigo da ƙananan jigogi, kuma rabon yana da amfani, ƙananan su zama suna yi wa babban hidima.

A nan ne kuma za ka tsaya ka tambayi kanka wane irin littafi ne wannan, domin kar ka auna kowane littafi da mudu ɗaya. Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, waɗanda aka yi ta karantawa a makarantu, gajeru ne kuma an yi su ne a lokacin da ake son mutane su saba da karatun boko. Littattafan soyayya da suka cika Kano daga shekarun 1980 wata duniya ce daban, marubutan da kansu suke bugawa su kai kasuwa. Gajeren labari irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla shi ma da nasa tsarin, an ƙayyade masa kalmomi, babu filin zagaye-zagaye. Na onlayin kuma da ake saki kullum dole kowane feji ya ƙare da abin da zai sa a dawo gobe. Ka fara gane abin da marubucin ya yi niyya tukuna, sannan ka duba ko ya cim ma niyyar. Ba daidai ba ne ka kama labarin barkwanci da laifin cewa bai sa ka kuka ba.

Mataki na biyar, taurari da harshe, kuma ni a nan na fi daɗewa. Ka ɗauki babbar tauraruwar ka tambaya, me take so, me ya hana ta samu, kuma ita da kanta ta yi wani abu ko kuwa tun daga farko har ƙarshe abubuwa ne kawai suke faɗo mata tana kuka? Ka duba mugun cikin labarin, yana da dalili irin na ɗan Adam ko kuwa an ce mana mugu ne kawai mu yarda? Kishiya ko uwar miji da ba ta taɓa yin alheri ko na minti ɗaya ba a shafi ɗari uku, ba mutum ba ce, kuma mai karatu yana ji. Haka shi ma saurayin nan da ya haɗa kyau da kuɗi da ilimin addini da kamfani a Dubai yana ɗan shekara ashirin da biyar, mun gan shi ya isa haka.

Sai maganganunsu. Dabarar da nake yi ita ce in karanta hirar da ƙarfi, in rufe sunayen da yatsa in ga ko zan gane wa ke magana. In kaka 'yar shekara saba'in da jikarta 'yar jami'a bakinsu ɗaya, akwai gyara. In an ce mutum Basakkwace ne da bai taɓa barin gida ba, ya kamata a ji "mi" da "shina" da "tahi" a bakinsa ko da jefi-jefi, in an ce daga Damagaram ko Maraɗi ya zo a ji yana cewa lakwal in zai ce makaranta. Ka duba kuma yadda ake kiran juna, yarinya mai tarbiyya ba za ta kira yayan mijinta da gatsal ba, matar da aka ce mai kunya ce ba za ta ambaci sunan ɗanta na fari a gaban surukai haka kawai ba, in ta yi to sai in marubuciyar tana nuna mana wani abu ne da gangan. Batun cusa Turanci kuma, ni ba na cewa haramun ne, in 'yan jami'a suna hira ai haka suke yi, amma in mai ba da labarin ne da kansa yake jefa Turanci a duk layi alhali ga Hausar a kusa, ka nuna wurin ka kawo yadda za a faɗa da Hausa. Karin magana ma ka duba ko ta zauna a gurbinta ko an jero ta ne don a ce an iya.

Na shida, bincike. Duk abin da littafin ya faɗa game da addini, shari'a, asibiti ko hanya, in ka yi shakka ka tambayi masu abin kafin ka yi magana. Wuraren da aka fi zamewa sanannu ne. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, mai ciki kuma sai ta haihu. Matar mamaci tumuni take samu in ya bar 'ya'ya, rubu'i in bai bari ba, kuma in su huɗu ne wannan kason za su raba. Saki uku ba a komawa sai ta auri wani auren gaske sun rabu. Mota ba ta tashi daga Kano bayan la'asar ta shiga Maiduguri kafin magariba. Dalilin da ya sa nake matsawa a nan shi ne mutane da yawa, musamman 'yan mata da matan aure a cikin gida, suna ɗaukar abin da suka karanta ko suka ji ana karantawa a rediyo da YouTube a matsayin ilimi. Amma kai ma mai sharhi ka tabbatar kafin ka ce an yi kuskure, domin in ka gyara daidai ya koma ba daidai ba, duk sauran maganarka ta zube.

Ƙa'idojin rubutu kuma ka taɓa su amma kar su cinye sharhin. Ka ɗauki kuskuren da ya fi yawa ka kawo misali biyu ko uku, kamar haɗe "ga shi" ya koma "gashi", ko barin ƙugiya har "ƙafa" ta koma "kafa", ka ce irin wannan ya yi yawa a nemi mai tacewa kafin bugu na gaba. Shi ke nan. Jera kuskure sittin ɗaya bayan ɗaya aikin edita ne, ka tura wa marubucin ta akwatinsa in kana son taimaka masa.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba, ta tarbiyya da batsa. Wannan muhawara ba yau aka fara ba, a shekarun 1990 an yi ta fafatawa a jaridu, har da New Nigerian, tsakanin masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a kan littattafan da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, wasu na ganin ba su da nauyi wasu na ganin madubin al'umma ne. Abin da ya burge ni da wancan zamanin shi ne da hujja ake faɗan, a rubuta a mayar da martani a rubuce. Ra'ayina a nan, nuna mugun abu a labari daban, tallata shi daban. Littafin da ya nuna yadda aka lalata rayuwar yarinya 'yar talla don mu ji zafin abin mu farka, bai yi laifi ba don ya taɓo wurin da ke ciwo. Wanda kuma ya tsaya yana kwatanta shimfiɗa dalla-dalla feji bayan feji don a yi rububin biyan kuɗin shiga guruf, wannan ka faɗa ba tare da kwana-kwana ba, kuma ba sai ka kwafo wurin ka ƙara yaɗa shi ba. A duka biyun littafin za ka yi wa hukunci. Kar ka ce tunda ta rubuta labarin karuwa ai ita ma ta san hanya, wannan ƙazafi ne, kuma irin wannan magana ta sa mata masu basira da yawa sun ajiye alƙalami ko sun koma ɓoye sunansu.

Toh yanzu sai rubutawa, mataki na bakwai. Ka fara da bayanin da mai neman littafin yake buƙata, sunan littafi, sunan marubuci, shekarar da ya fito, yawan shafi ko feji, da inda ake samunsa. Sai taƙaitaccen labari a layi huɗu zuwa shida, ka tsaya kafin ƙarshe, kar ka faɗi wa ta aura ko wa ya mutu, in dole sai ka taɓo ƙarshen to ka yi gargaɗi a sama. Bayan nan ka zaɓi abu biyu ko uku kacal daga cikin duk abin da ka tara, waɗanda suka fi muhimmanci, ka yi musu magana sosai. Kowace magana ta zo da shaidarta. Bari in ƙirƙiro misali. Maimakon ka ce "taurarin ba su yi ba", ka ce:

"Tun daga farko an nuna mana Hajara mace ce mai tsoron mahaifinta, ko ido ba ta haɗawa da shi, a shafi na 14 ma ɓuya ta yi a bayan randa da ta ji sallamarsa. Amma a shafi na 61 sai ga ta tana mayar masa da magana a gaban baƙi, kuma babu abin da ya faru tsakanin nan da can da zai sauya ta haka. Da marubuciyar ta ba mu fage ɗaya inda tsoron ya fara karyewa, da wannan wurin ya fi kowane wuri ƙarfi a littafin."

Ka ga wannan, ko marubuciyar ta ji zafi ta san inda za ta koma ta duba, mai karatu ma zai iya buɗe shafin ya ce ya yarda da kai ko bai yarda ba. Yabo ma haka za ka yi masa, kar ka ce "salon ya yi daɗi" ka wuce, kawo jimlar, ka ce ga yadda ta kwatanta gidan haya da safe, layin banɗaki da hayaƙin gawayi da rigimar wanda ya ƙarar da ruwan wani, har sai da na ji kamar ina tsaye a tsakar gidan. Kuma ka rarrabe tsakanin abin da yake kuskure da abin da kai ne kawai ba ka so. In ba ka son labarin aljanu ka ce ni ba na cikin masu son irin wannan, kar ka mayar da shi aibin littafi. A ƙarshen sharhin ka faɗi wa kake ganin littafin zai yi wa daɗi. Tsawon duka kar ya wuce abin da mutum zai karanta a waya a zama ɗaya.

In ka gama kar ka yi fostin nan take, bar shi ya kwana. Da safe ka sake karantawa ka cire duk jimlar da ka san ka sa ta ne don a ce ka iya magana ko don ta yi wa wani ciwo, ka duba sunayen taurari da lambobin shafi ko daidai ka kwafa, ka gyara naka ƙa'idojin rubutun tunda ka yi maganar na wani. In marubucin sabon shiga ne kuma gyaran da yawa, ni na fi son in tura masa cikakken bayanin shi kaɗai, wanda zan fitar fili ya zama gajere, gaskiya ce dai a ciki amma ba duka kayan ba. Wanda ya daɗe yana rubutu kuma yana karɓar kuɗin mutane, wannan a fili za a yi, masu saye suna da haƙƙin su sani.

Bayan ka saka, martani zai zo, wani lokaci daga marubucin, sau da yawa daga masoyansa, kuma za a ce maka hassada ce ko a ce in ka isa ka rubuta naka. Kar ka biye. Wanda ya kawo hujja daga cikin littafin ka amsa masa da hujja, in ya nuna maka shafin da ka tsallake ka gode masa ka gyara a ƙasan fostin ɗin inda kowa zai gani, kar ka goge a ɓoye. Wanda ya zo da zagi ka bar shi. Takardar nan da ka cika a karatu na biyu kuma kar ka yar, ka rubuta sunan littafin da kwanan wata a bangonta ka adana, domin ran da marubucin ya fitar da sabon littafi da ita za ka gwada ka ga ko ya gyara abin da aka nuna masa, in ya gyara kuwa ka fara sabon sharhin da faɗin haka.